Lissafin Ambato: Marc Van Montagu, Bakteriyar Gindin Itace da Waken Samaru

A watan Janairun 1983, a wani taron masana kimiyya da ake yi duk shekara a birnin Miami na Amurka, ayari uku suka gabatar da albishir iri ɗaya a rana ɗaya. Akwai Mary-Dell Chilton daga Jami'ar Washington ta St. Louis, akwai Jozef Schell a madadin ayarin da shi da Marc Van Montagu suke jagoranta daga birnin Gent na Beljiyam, akwai kuma masu binciken kamfanin Monsanto. Kowannensu ya ce ya ɗauko ƙwayar gado daga wata halitta daban, ya shigar da ita cikin ƙwayoyin jikin tsiro, ta zauna, ta kuma yi aiki. Biyu sun yi da taba, ɗaya ya yi da furen fetuniya. Kafin shekarar ta ƙare duk sun buga sakamakonsu: mutanen Gent da na Chilton a mujallar Nature, na Monsanto a PNAS.

Yau duk wanda ya nemi sunan Van Montagu a rumbunan da ke ƙirga ayyukan masana zai ga alƙaluman da ke sa mai karatu ya gyara zama. Maƙalun da ke ɗauke da sunansa sun haura 1,000. Ambaton da wasu masu bincike suka yi musu a nasu rubuce-rubucen ya wuce 100,000. Ya daɗe yana sahun farko a jerin waɗanda aka fi ambata a fannin tsirrai da dabbobi. Ga kuma lambobin yabo: Sarkin Beljiyam ya ba shi sarautar baron a 1990, ya raba Lambar Japan da Schell a 1998, sannan a 2013 ya raba Lambar Abinci ta Duniya da Chilton da Robert Fraley na Monsanto.

A kan wannan mutum babu jayayya. Ya yi aikin, alƙaluman kuma ba na bogi ba ne. Shi ya sa ma ya dace a auna ma'aunin da shi. Idan ƙidayar ambato tana da wurin da take makancewa ko a kan mutumin da ta yi wa adalci, to ina ga sauran jama'a, ina kuma ga malamin jami'a a Zariya ko Yamai da ake riƙe masa ƙarin girma saboda ita?

Ƙullutun da ya rikita masana shekara 70

Manoman inabi da na tuffa da masu lambun fure a Turai da Amurka sun daɗe da sanin wata cuta da ke fito wa tsiro da ƙullutu a gindi, daidai inda kara ya haɗu da saiwa. A 1907 Erwin Smith da Charles Townsend na ma'aikatar gona ta Amurka suka nuna cewa wata bakteriyar ƙasa ce ke haddasa ta, wadda yanzu ake kira Agrobacterium tumefaciens. Abin mamakin ya zo daga baya. A shekarun 1940 Armin Braun ya nuna cewa ko an kashe bakteriyar bayan 'yan kwanaki, ƙullutun ba ya daina girma. A yanko shi a ɗora a faranti, babu bakteriya ko ɗaya, zai ci gaba da tohuwa shekara da shekaru. Wato dai bakteriyar ta bar wani abu a jikin tsiron da ya sauya shi har abada. Braun ya raɗa wa abin suna, amma bai iya nuna ko mene ne ba.

Alamu suka riƙa fitowa daga nan da can. A Faransa, ayarin Georges Morel ya lura cewa ƙullutun yana haɗa wasu sinadarai da tsiro lafiyayye ba ya haɗawa, kuma irin sinadarin ya danganta da irin bakteriyar, ba da irin tsiron ba. A Ostireliya, Allen Kerr ya nuna cewa bakteriya mai cutarwa tana iya miƙa wa 'yar'uwarta marar cutarwa wannan hali. Duk da haka, ra'ayin cewa bakteriya za ta iya cusa wa tsiro DNA ɗinta ya zama kamar tatsuniya a kunnen manyan masana.

Van Montagu, haifaffen Gent a 1933, ɗan gidan ma'aikata ne da ya karanci ilimin sinadarai, ya fara bincikensa a kan ƙwayoyin bairos masu kama bakteriya. Bai taso a matsayin masanin tsirrai ba, haka ma abokinsa Schell. A ƙarshen shekarun 1960 suka haɗa kai a kan matsalar ƙullutun, suna zaton wani bairos ne ke ɓoye a cikin bakteriyar. Ɗalibinsu Ivo Zaenen ya shiga nema, sai ya ci karo da abin da ba shi ake nema ba: wani katon zobe na DNA, mai haruffa kusan 200,000, da ke cikin duk bakteriyar da ke haddasa ƙullutu, babu shi kuma a waɗanda ba sa haddasawa. Maƙalar ta fito a 1974 a Journal of Molecular Biology. A shekarar kuma suka buga wata a Nature da ke nuna cewa idan bakteriyar ta rasa zoben, ta rasa dafinta. Shi ne ake kira filasmid na Ti.

Nan ne labarin Chilton ya shigo, kuma yana da daɗin ji. Tana Jami'ar Washington ta Seattle a lokacin, tare da Eugene Nester da Milton Gordon, kuma ba ta yarda da batun cusa DNA ba sam. A 1974 ta buga maƙala a PNAS cewa ta duba ƙullutun ba ta ga DNA ɗin bakteriya ba. Da labarin filasmid ya bayyana, sai ta koma da niyyar rufe maganar gaba ɗaya. Suka daddatsa zoben gunduwa-gunduwa, suka gwada kowace gunduwa ita kaɗai, sai ga wani ɗan yanki zaune daram a cikin ƙwayoyin tsiron. Wadda ta fito ƙaryatawa ita ta kawo hujja. Maƙalar ta fito a mujallar Cell a 1977.

Da aka karanta yankin, sai dabarar bakteriyar ta fito fili. Yana ɗauke da umarni iri biyu. Na farko yana sa tsiron ya riƙa haɗa sinadaran girma babu ƙaƙƙautawa, abin da ke kawo ƙullutu ke nan. Na biyu yana sa shi dafa wani abinci da bakteriyar kaɗai ke iya ci. Sai tambaya ta biyo baya da kanta: idan aka cire waɗannan umarni, aka bar gajerun alamomin da ke bakin yankin hagu da dama, masu haruffa 25 kowanne, aka sa wata ƙwayar gado a tsakani, shin bakteriyar za ta kai saƙon? Patricia Zambryski, wadda ta yi aiki a Gent, tana cikin waɗanda suka tantance alamomin bakin, ta kuma jagoranci ƙera filasmid marar dafi. Amsar ita ce aka kai Miami.

Yadda aka fara ƙirga

Al'adar ambato ba baƙuwa ba ce ga wanda ya zauna gaban malamin hadisi. An karɓo daga wane, shi daga wane, har a dangana da tushe. Ba a karɓar matani sai an duba isnadi. Jerin sunayen da ke ƙasan maƙalar kimiyya aikinsa ke nan, ya nuna inda marubuci ya samo abin da ya gina a kai. Bambancin shi ne malaman hadisi suna bin mai ruwaya ɗaya-ɗaya su tambayi gaskiyarsa da ƙarfin haddarsa, ita kuwa na'ura ƙirgawa kawai take yi.

Wanda ya fara tunanin juya jerin baya shi ne Eugene Garfield, Ba'amurke, a wata maƙala da ya buga a mujallar Science a 1955. Maimakon a tambayi wa wannan maƙala ta ambata, a tambayi wa ya ambace ta. Manufarsa ta farko taimakon mai bincike ce: ka sami maƙala ta shekara goma baya, ka bi sawun waɗanda suka ambace ta, ka ga ko an tabbatar da ita ko an rushe ta. Kamfaninsa ya fitar da kundin farko na kasuwa a 1964. Ba a daɗe ba shugabannin jami'o'i da masu rabon kuɗin bincike suka gane cewa kundin yana ba da lamba, lamba kuwa ta fi karatu sauƙi. A 2004 rumbunan ƙidaya na Scopus da Google Scholar suka fito. A 2005 Jorge Hirsch, masanin kimiyyar fiziks a San Diego, ya kawo ma'aunin h: mai h 40 shi ne wanda ke da maƙala 40 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 40. Rayuwar mutum ta shekara talatin a ɗakin gwaje-gwaje ta koma lamba guda da za a rubuta a gefen sunansa.

Garfield da kansa ya sha gargaɗi a kan auna mutum ɗaya da ma'aunin da aka ƙera don mujallu. Ba a saurare shi sosai ba.

Mai girki ya fi mai ganowa

A 2014 mujallar Nature ta nemi a fito mata da maƙalu 100 da aka fi ambata a tarihi. Ta ɗaya, mai ambato fiye da 300,000, ta Oliver Lowry ce ta 1951, a kan yadda ake auna yawan furotin a ruwan gwaji. Maƙalar Watson da Crick ta 1953 a kan siffar DNA ba ta shiga jerin ba, domin sai da ambato sama da 12,000 ake shiga. Daga ɓangaren tsirrai, wadda ta yi fice ita ce ta Toshio Murashige da malaminsa Folke Skoog ta 1962, daga Jami'ar Wisconsin. Me ke cikinta? Jerin gishiri da sinadarai da adadin kowanne, wanda idan aka haɗa, yankakken naman taba zai girma da kyau a kwalba. Har yau kusan duk ɗakin gwaje-gwajen da ke renon tsiro a kwalba da wannan haɗi yake aiki, kuma duk wanda ya yi aiki da shi sai ya rubuta sunayen biyu.

A fagen Agrobacterium ma haka abin ya kasance. A 1998 Steven Clough da Andrew Bent na Jami'ar Illinois suka buga maƙala a The Plant Journal. Sun sauƙaƙa wata hanya da wasu Faransawa, ayarin Georges Pelletier, suka fito da ita a 1993. Ka jiƙa bakteriyar a ruwan sukari kashi 5 cikin 100, ka ɗiga wani sinadari mai sa ruwa ya ratsa ganye, ka kifa tukunyar tsiron ka tsoma furensa na 'yan daƙiƙoƙi, ka jira ya yi iri. Shi ke nan. Wannan maƙala ta sami ambato fiye da 20,000 a Google Scholar. Ta Chilton ta 1977, da ta Gent ta 1983, waɗanda ba don su ba da babu abin tsomawa, ko kusa ba su kama ƙafarta ba.

Ba rashin adalci aka shirya wa kowa ba. Mai rubuta maƙala yana ambaton abin da hannunsa ya taɓa: haɗin da ya dama, hanyar da ya bi, manhajar da ya yi lissafi da ita. Ganowa kuwa idan ta yi ƙarfi sosai sai ta shige littattafan makaranta, ta zama abin da kowa ya sani, a daina faɗin mai ita. Masanin zamantakewa Robert Merton ya daɗe da bayyana wannan. Ɗalibin da ke shigar da ƙwayar gado cikin shinkafa yau ba ya jin yana bin Zaenen bashin ambato, kamar yadda ba ya ambaton wanda ya gano cewa tsiro yana da ƙwayoyin jiki. A ganina wannan shi ne babban gurbin da ke cikin lissafin: ambato yana auna yawan masu amfani da abu a rubuce, kuma aikin da ya fi kowanne tasiri yana iya kai wa matsayin da ba a rubuta shi.

Akwai kuma jinkiri. Barbara McClintock ta bayyana ƙwayoyin gado masu tsalle daga wuri zuwa wuri a cikin masara tun 1950, ta gabatar a Cold Spring Harbor a 1951, mutane ƙalilan suka gane inda ta dosa. Lambar Nobel ta zo mata a 1983. Kwamitin ƙarin girma da zai duba ambatonta na wannan batu a 1960 da bai ga abin kirki ba.

Sunan wa ke kan takarda

To daga ina Van Montagu ya tara nasa dubban? Wani ɓangare daga maƙalun farko ne. Mafi yawa kuwa daga abin da ya biyo baya: ɗakin gwaje-gwajensa na Gent ya zama ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin ilimin ƙwayoyin gadon tsirrai a duniya, da ɗaruruwan ɗalibai da baƙin masu bincike da suka ratsa ta cikinsa. Suka yi aiki a kan yadda tsiro ke jure zafi da gurɓatacciyar iska, yadda ƙwayoyinsa ke rabuwa, yadda itace ke haɗa sinadarin da ke ba shi tauri, yadda tsutsar saiwa ke mallake shi. A 1982 shi da Schell suka taimaka wajen kafa kamfanin Plant Genetic Systems, wanda a 1987 ya buga a Nature labarin tabar da ke kashe tsutsa da kanta saboda ƙwayar gadon bakteriyar Bt, a 1990 kuma ya fito da dabarar hana tsiro yin garin fure, wadda aka yi amfani da ita wajen haɗa irin kanola mai aure.

A wannan fanni al'ada ce a sa sunan wanda ya yi aikin hannu a farko, na shugaban ɗaki a ƙarshe ko kusa da ƙarshe. Maƙalar Gent ta 1983 a Nature sunan farko a kanta na Luis Herrera-Estrella ne, ɗalibi daga Meziko, wanda daga baya ya koma gida ya jagoranci babbar cibiyar bincike a Irapuato. Rumbunan ƙidaya ba sa raba ambato. Idan marubuta goma ne, kowa ana rubuta masa cikakke. Ɗalibi yana da maƙalunsa biyar ko shida daga Gent, shugaba yana da na kowa. Ba a ƙera maƙala 1,000 da hannu biyu. Alƙaluman Van Montagu sun fi zama shaidar makarantar da ya gina, da kuɗin da ya iya nemowa, da idonsa na zaɓen mutane da tambayoyi, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Sai dai wani aiki ne daban da wanda mai karatu ke zato idan ya ga lambar.

Sa suna a kan komai yana da nasa haɗari. A 1998 aka gano cewa wata ma'aikaciyar ɗakin gwaji a Cibiyar Max Planck ta Kolon, wadda Schell ke shugabanta tun 1978, ta daɗe tana gurɓata sakamakon wasu gwaje-gwaje. Maƙalu da dama a manyan mujallu suka shiga zargi. Schell ya sa aka sake gwaje-gwajen, aka buga sakamakon a fili a 1999 cewa ba su tabbata ba. An yaba masa da hakan. Amma ambaton da waɗannan maƙalu suka riga suka tara yana nan a rumbu, domin na'ura ba ta bambanta wanda ya ambace ka don ya gina a kanka da wanda ya ambace ka don ya ce ka yi kuskure.

Ciyawar da ba a ci, da waken da ake ci

Tsiron da Clough da Bent suka tsoma sunansa Arabidopsis thaliana. 'Yar ƙaramar ciyawa ce dangin kabeji, ba a cin ta, ba a sayar da ita. Masana sun zaɓe ta ne don tana kammala rayuwarta cikin mako shida zuwa takwas, tana yin iri dubbai, kundin gadonta kuma ƙarami ne. Shi ne na farko da aka karanta gaba ɗaya a tsirrai, a shekarar 2000. Dubban ɗakunan gwaje-gwaje a Amurka da Turai da Japan da Sin suna aiki a kanta, kowa yana ambaton kowa. Mai rubutu a kan wannan ciyawa ya shiga kasuwa mai cike da jama'a.

Sauran tsirrai sun zo a makare, domin Agrobacterium ba ta shiga kowane tsiro da sauƙi, kuma ko ta shiga, sai an iya tayar da cikakken tsiro daga ƙwayoyin da ta taɓa. Shinkafa ta ba da kai a 1994 a hannun masu binciken kamfanin Japan Tobacco, masara a 1996, dawa a 2000. Wake ya yi taurin kai har 2006, lokacin da ayarin T. J. Higgins a hukumar binciken CSIRO ta Ostireliya ya buga hanyar da ta yi aiki har ƙwayar gadon ta wuce zuwa 'ya'ya. Shekara 23 ke nan bayan taba. Kundin gadon dawa ya fito a 2009, na gero a 2017, na wake sai 2019, daga wani iri na cibiyar binciken aikin gona ta IITA.

Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, Nijar na biye da ita. Manomin Kano ko Maraɗi ya san tsutsar da ke shiga fure da kwanson wake ta cinye, wadda masana ke kira Maruca. A shekarar da ta yi yawa tana iya lashe mafi yawan amfanin, kuma an duba dubban nau'o'in wake ba a sami mai jure mata sosai ba. Da hanyar Higgins aka shigar da ƙwayar gadon Bt cikin wake. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku da haɗin gwiwar gidauniyar AATF, ta yi shekara kusan goma tana gwaji a killatattun gonaki, tana aurar da halin cikin irin da manoma suka saba da shi. Hukumar kula da lafiyar halittun da aka sauya wa ƙwayoyin gado ta amince a farkon 2019, aka yi wa irin rajista a ƙarshen shekarar da sunan SAMPEA 20-T, aka ƙaddamar da sayar da shi a Kano a 2021. Masu irin sun ce feshi biyu ya isa a maimakon shida zuwa takwas.

Maƙalar 2006 da ta buɗe wannan ƙofa ambatonta bai wuce 'yan ɗaruruwa ba. Ba don ta gaza ba. Masu aiki a kan ƙwayoyin gadon wake ne ba su da yawa, saboda masu ba da kuɗin bincike ba wake suke ci ba. Wannan bai yanke hukunci a kan muhawarar da ake yi a Nijeriya game da irin da aka sauya wa halitta ba. Akwai ƙungiyoyin kare muhalli da na manoma da ke adawa, suna tambaya a kan mallakar iri, da lafiya, da ko hukumomi suna da ƙarfin sa ido, kuma ba a amsa irin waɗannan tambayoyi da yawan ambato. Ko a Beljiyam, mahaifar fasahar, ba a noma irin waɗannan amfanin gona don kasuwa, har ma a 2011 masu adawa suka afka wa gonar gwajin dankalin Turawa a Wetteren, kusa da Gent. Van Montagu da kansa, bayan ya yi ritaya a 1999, ya kafa wata cibiya a Jami'ar Gent don kai fasahar ga ƙasashe masu tasowa, yana ƙorafin cewa ta tsaya a masara da waken soya da auduga na manyan kamfanoni.

Wani abin da ya ƙara wa muhawarar gishiri ya fito daga Gent ɗin a 2015. Masu bincike na jami'ar, tare da Cibiyar Dankali ta Duniya da ke Lima, suka duba nau'o'in dankalin Hausa 291 da ake nomawa a sassan duniya, suka tarar da yankin DNA na Agrobacterium a cikin kowannensu, kuma wasu ƙwayoyin gadon suna aiki. Bakteriyar ta shigar da shi da kanta dubban shekaru da suka wuce, mutane kuma suna ta ci.

Lambar da ta zama abin nema

A jami'o'inmu maganar ambato ta wuce hira. Malami mai neman zama farfesa ana tambayarsa maƙalu nawa, a waɗanne mujallu, suna cikin Scopus ko ba sa ciki. Duk shekara idan jerin nan na kashi 2 cikin 100 na masanan da aka fi ambata ya fito, wanda John Ioannidis na Stanford da abokansa suke haɗawa daga bayanan Scopus, jaridu sukan buga sunayen 'yan Nijeriya da suka shiga, jami'o'i su yi ta taya murna. Ba laifi ba ne a yi murna. Wanda ya yi bincike da janareta da kuɗin aljihunsa har duniya ta ambace shi ya cancanci yabo.

Amma da zarar lamba ta zama ita ce ake biya, sai a sami masu ƙera ta. Akwai mai ambaton kansa sau talatin a maƙala ɗaya. Akwai abokai da ke yarjejeniyar ka ambace ni in ambace ka. Akwai mai tace maƙala da ke cewa ba za ta wuce ba sai an saka nasa ayyukan. Akwai sa sunan shugaban sashe a kan aikin da bai karanta ba, da mujallun da ke buga komai in dai an biya. Matsalar ba ta Afirka kaɗai ba ce: a 2023 kamfanin Clarivate ya cire sunaye fiye da 1,000 daga cikin waɗanda za su shiga jerinsa na masanan da aka fi ambata, ya kuma ajiye fannin lissafi gaba ɗaya a gefe saboda maguɗi. Tun 2012 wasu masana da editoci suka tsara sanarwar San Francisco da ke kira a daina auna mutum da darajar mujallar da ya buga a ciki, a karanta aikin.

Illar da ta fi damuna ba maguɗin ba ce, karkatar da hankali ce. Matashin da ya gama digirin digirgir a ilimin ƙwayoyin gadon tsirrai, ya dawo Samaru ko Jami'ar Bayero ko cibiyar INRAN a Nijar, yana da zaɓi. Zai iya rubuta maƙalun bita, masu tattara abin da wasu suka faɗa, waɗanda ke jawo ambato da sauri ba tare da ya shiga gona ba. Zai iya kuma kashe shekara takwas yana neman abin da ke sa wata dawa jure wuta-wuta, ko wani gero jure fari, ya fito da maƙala biyu da iri guda. Gebisa Ejeta, ɗan Habasha da ke Jami'ar Purdue, hanya ta biyu ya bi: dawarsa mai aure ta fito a Sudan a 1983, ya sami Lambar Abinci ta Duniya a 2009, amma ƙwayar gadon da ke bayan juriyar wuta-wuta sai a 2017 ayarinsa ya bayyana ta a PNAS. Mutum nawa ne kwamitin ƙarin girma zai yi wa wannan haƙuri?

Sabon iri idan ya fito a Nijeriya, kwamitin ƙasa ne ke zama ya amince, a rubuta sunansa da na cibiyar da ta samar da shi da na masu kiwonsa a kundin rajistar iri da ake ajiyewa a cibiyar NACGRAB ta Ibadan. SAMPEA 20-T yana ciki, tare da jerin SAMMAZ na masara da SAMSORG na dawa da SAMNUT na gyaɗa da Samaru ta fitar cikin shekaru. Scopus ba ya karanta wannan kundi, kuma babu wani rumbu da ke ƙirga kadada nawa aka shuka da kowane iri a daminar bana.